Kit ɗin turbo mara suna da na ɗaura wa SC300, bayan wata takwas

Tun ranar da aka ga motar nan ta fita filin tsere mutane ke ta tambayata, wai kit ɗin turbon da na sayo a intanet ya yi ko asara na tafka, kuma gaskiya na gaji da ba wa kowa amsa ɗaya bayan ɗaya, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta komai lokaci guda, mai karatu ya karanta. Wata takwas kenan da ɗaura shi. In a taƙaice kake so toh turbon kansa lafiyarsa ƙalau, har yau shi ne a jikin motar ban canza ba, amma tarkacen da suka biyo shi a kwali kusan rabi sai da na watsar ko na sa aka sake ƙera su. In tauraro ake bayarwa uku zan ba shi cikin biyar, ukun ma albarkacin turbon ne da intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji.

Ba zan kama sunan mai sayarwa ba, dama shi kit ɗin ma ba suna gare shi ba, irin waɗanda ake turowa a farin kwali ne babu tambari babu takardar bayani, ka duba hoto a shago goma ka ga abu ɗaya ne kowa ya laƙaba masa nasa sunan. Abin da aka rubuta a tallan wai ka ɗaura kawai ka tayar ka tafi, ba yanka ba walda. Wannan ita ce ƙaryar farko.

Motar Lexus SC300 ce ta farkon shekarun 1990, mai ƙofa biyu, injinta 2JZ-GE, lita 3, silinda shida a jere, bulok ɗinsa na zubin ƙarfe. Ɗan'uwan 2JZ-GTE ne da ke cikin Supra ta 1993 zuwa 2002 wadda kowa ke yi wa kirari, sai dai shi GE an yi shi ne ba turbo, kamfurashinsa, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa iska da mai, 10 bisa 1, na GTE kuwa 8.5 ne, kuma ba shi da 'yan famfunan nan da ke fesa wa ƙasan fistin baƙin mai don ya huce. Na zaɓi tsohon ne mai distiributa da gangan saboda konrod ɗinsa sun fi na sabon samfurin da ake kira VVT-i da ya biyo baya kauri, wannan duk wanda ya taɓa buɗe injinan biyu zai faɗa maka. Abin da nake nema kuma ba wani abin a zo a gani ba ne, motar da za ta ci kwata mil, wato mita 402, cikin sakan 12 da ɗan wani abu, in tuƙo ta in je in tuƙo ta in dawo ba sai an ɗauko mu a bayan tirela ba.

Ranar da kwalin ya iso na baje komai a ƙasa ina ta murna kamar yaro, ga manifol na sitilas, wato bututun da ke tattara hayaƙin inji su kai wa turbo, yana ƙyalli, ga turbo mai kujerar T4, ga wesget mai faɗin milimita 38, bawul ɗin sakin iska, intakula da bututunta, tiyo-tiyon roba da kilif-kilif, tiyon kai baƙin mai da na dawo dashi, wani ɗan geji da wata 'yar na'urar ƙara matsin iska da ake murzawa da hannu. Ogan da ke min walda, dattijo ne da ya daɗe yana haɗa salansar motocin tsere, ya zo ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba, can sai ya ɗauki manifol ɗin ya auna nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kwantar da fuskarsa a kan gilashin tebur ya danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga. Yace "yaro, wannan rawa yake yi ai." Nace "oga ai in aka ɗaure noti zai zauna." Yace "zai zauna, na sati biyu." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin amma dai na bari aka kai aka goge fuskar ta kwanta daidai, kuma da ban yi ba da tun ranar farko hayaƙi zai riƙa tsiyaya ta gefen gaskit, turbo kuwa da hayaƙin nan yake rayuwa, duk wanda ya zurare kafin ya isa gare shi ƙarfi ne ya tafi a banza.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta baya, ta gaba kuma ta zuƙo iska ta cusa wa injin da ƙarfi. Iskar da muke shaƙa matsinta psi 14.7 ne a bakin teku, psi shi ne ma'aunin matsi, in ka ƙara wani 14.7 a kai kusan ka ninka iskar da ke shiga silinda kenan, ka ba ta man da ya dace da ita sai ƙarfi ya tashi. Ba sabon abu ba ne, wani injiniya ɗan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Sandan nan yana wuce juyi 100,000 a minti, hayaƙin da ke dukan fankar baya kuma zafinsa na kaiwa wajen digiri 900, toh ka ga abin da ke irin wannan wahala ba wurin wasa da tsafta ba ne. Shi yasa kafin in ɗaura na kwance gidajen biyu na leƙa ciki, kuma wallahi na samu ɓarɓashin ƙarfe da wani abu kamar yashi a lungun gidan hayaƙi da kuma bakin ramin baƙin mai. Na wanke tas na busa da iska, na duba sandan, yana ɗan motsi gefe da gefe kaɗan wanda daidai ne ga turbo mai bushi in babu mai a ciki, gaba da baya kuwa ko gezau. Fuka-fukan fankar ba su taɓa bango. Dan Allah duk wanda ya sayi irin wannan kada ya ɗaura kai tsaye daga kwali, wankin awa ɗaya ne.

Ɗaurawar ta ci mana kusan sati uku na yamma-yamma. Manifol ɗin ya kawo turbon daf da distiributa har ba ka iya zura yatsa biyu a tsakani, sai da muka juya gidan iska muka naɗe wayoyin fulogi da rigar zafi muka yi wa murfin distiributan garkuwa da falle. Bututun intakula babu ko ɗaya da ya hau yadda aka nuna a hoto, duk sai da aka yanka aka sake haɗawa. Dan-faif ɗin da ke fita daga bayan turbo ya doki jikin mota. Wannan duk ban riƙe su da zafi ba tunda na san kit ɗin gama-gari ne, abin da ya ƙona min rai shi ne a rubuta ba yanka ba walda alhali an san ba haka ba ne, wani zai saya ba shi da mai walda a kusa ya zauna da kwali a ɗaki.

Yanzu maganar wesget, nan ne na kusa rasa injin. Wesget ƙofa ce da ke buɗewa ta karkatar da wani kaso na hayaƙi kada ya bi ta turbo in matsin iska ya kai inda kake so, sifirin ɗin da ke ciki shi ke yanke hukuncin lokacin buɗewa. An rubuta na cikin kwalin psi 7 ne. Kafin mu ɗaura mai saiti, wato mai daidaita aikin injin da kwamfuta, ya sa masa famfon hannu mai geji, bai fara motsi ba sai wajen 10, kuma yana jin iska na tsiyaya ta gefen robar ciki. Muka buɗe muka ga robar ta ɗan naɗe tun daga wajen haɗi, muka gyara mata zama, muka ce toh a fara da haka a gani. A kan daino kuwa, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a gwada ƙarfinta tana tsaye, sai ga abin da ya fi wannan muni. Ja na farko a giya ta huɗu matsin ya tsaya a 10 lafiya lau har juyi 4,500, daga nan sai allura ta fara hawa a hankali, 11, 12, 14, wesget a buɗe yake wangam amma matsin bai daina hawa ba, mai saiti ya ɗaga ƙafa tun kafin mu kai 6,000 ya juyo yace "malam ka ga abin da nake gudu ko." Dalilin kuma a fili yake in ka kalli manifol ɗin, bututun da ke zuwa wesget an manna shi ne a gicciye a jikin reshe ɗaya tak cikin shida, hayaƙi kuwa kamar ruwa yake, hanyar da ta miƙe yake bi, ba zai yi kwana mai kaifi don ya faranta maka rai ba. Duk yadda ƙofar ta buɗe kaɗan ne ke bi ta nan, sauran duk ya afka wa turbo.

Oga ya yanke wurin ya toshe, ya huda sabon rami a mahaɗar da rassan shida suka taru daf da kujerar turbo, ya kwantar da bututun a karkace yana bin hanyar da hayaƙin ke tafiya, na sayo wesget na Tial mai milimita 44 muka ɗora. Ja na gaba allura ta hau 8 ta zauna daram har ƙarshen juyi kamar an buga mata ƙusa. Na cikin kwalin yana nan a kan kanta ina danne takardu dashi. Ita kuwa 'yar na'urar murzawa da gejin da suka zo tare ko gwada su ban yi a mota ba, gejin da muka haɗa shi da na mai saiti a famfo ɗaya sai da suka saɓa da kusan psi 2, kuma psi 2 a injin da kamfurashinsa ke sama ba ƙaramin abu ba ne.

Sai hayaƙi. Bayan kwana uku da fara hawa motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi in ta daɗe a silo ko in na sauka daga gudu, nan take nace shikenan araha ba ta ado, turbon ya mutu, har na fara rubuta wa mai sayarwa saƙo mai zafi. Oga ya zo ya leƙa ƙarƙashi da tocila, ya kama tiyon da ke mayar da baƙin mai zuwa kwanon inji ya girgiza, yace "turbonka ba abin da ya same shi, shaƙe shi ka yi." Ashe shi turbo babu wata robar sil a cikinsa irin wadda muke zato, wasu 'yan zobba ne na ƙarfe kamar ringin fistin, aikinsu tare iska da hayaƙi, ba za su iya tare man da ya taru ya cika gida ba. Mai yana shiga da matsin famfo amma fitarsa gangara ce kawai, babu mai tura shi, kuma yana fitowa ne da kumfa, don haka dole tiyon dawowa ya zama mai faɗi, ya gangaro tsaye ba lanƙwasa, ya shiga kwanon a saman inda mai ke kwanciya. Na cikin kit ɗin siriri ne, robarsa kuma ta yi laushi da zafin manifol ta lotsa a wajen kwana. Muka cire muka sa mai girman 10AN mai saƙar waya da rigar zafi, hayaƙin ya ɗauke cikin kwana biyu bayan wanda ya taru a salansa ya ƙone. Na goge saƙon ban tura ba, ko da yake laifin nasu ne dai ta wata fuskar tunda su suka sako tiyon.

A nan zan ƙara da cewa shi GE ba a huda masa wurin dawowar mai ba, akwai dai gurbin a jikin kwanon sama amma a toshe yake, kuma hanyar kirki ita ce a sauke kwanon a huda a wanke. Na ga masu hudawa a jikin mota suna shafa giris a bakin diril wai ya kama ɓarɓashi. Ni dai ban yarda da wannan cacar ba, injin muka ɗaga.

Intakular kam sai yabo. Mun toshe bakinta biyu muka hura mata psi 20 muka bi ta da ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya ba mu gani ba, waldarta mai kyau ce, kuma bayan ja uku a jere kan daino gefen shiga ba ya taɓuwa don zafi, gefen fita kuwa ka ɗora hannu ka bar shi. Nauyi gare ta ba laifi kuma ta ɗan tare wa lagireto iska har sai da na ƙara fanka, amma a aikinta ban ga abin kushewa ba. Bawul ɗin sakin iska shi ma yana aiki, na dai buɗe na shafa masa mai don yana ɗan maƙalewa da farko, yanzu yana ta atishawarsa yadda yara ke so.

Abin da ya fi muhimmanci kuma babu shi a kwalin sam, kuma tallan bai ko ambata ba. Turbo iska kawai yake kawowa, mai fa? Injekta na asali da famfon mai na asali an yi su ne don ƙarfin doki 225 da motar ta zo dashi, ka cusa iska ba ka ƙara mai ba wutar cikin silinda ta yi zafi fiye da kima, fistin ya narke kana ji kana gani. Fetur yana ƙonewa cif a kashi 14.7 na iska bisa 1 na mai, amma a ƙarƙashin matsin turbo ana saukowa wajen 11.5 ne don rarar man ta sanyaya ɗakin wuta. Sannan ga ƙwanƙwasa, ba ina nufin nokin da makanikai ke cewa in inji ya buga ya tsaya ba, a'a, wannan sauran mai da iskar da wutar fulogi ba ta kai gare su ba ne suke fashewa da kansu saboda zafi da matsi, ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in ma ka ji kenan, don da salansa a buɗe ba za ka ji komai ba sai dai ka ga hayaƙi. Tsohuwar matsala ce, Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motocin kasuwa na farko masu turbo, kamfurashinta 10.25 ne, sai da aka haɗa mata tankin ruwa da metanol da ake fesawa don hana wannan ƙwanƙwasar. Toh ni da nake da 10 bisa 1 me zai sa in ɗauka na fi su wayo.

Don haka kafin kit ɗin ma ya hau sai da muka ɗaga kan inji muka sa gaskit ɗin GTE mai kauri na falle-fallen ƙarfe wanda ya sauko da kamfurashin zuwa 9 da ɗan kai, muka ɗaure da sitod na ARP, injekta masu cc 550, famfon Walbro 255 a cikin tanki, fulogi na NGK masu sanyi lamba 7 da aka matse bakinsu don kada iska ta hure wutar, sensar waidban a dan-faif mai nuna yawan mai da iska kowane lokaci, da ƙwaƙwalwar inji mai zaman kanta wadda ake saitawa da kwamfuta, ta asali ba ta san ma akwai wani abu wai shi matsin turbo ba. Giyar W58 da motar ta zo da ita ba a yi ta don irin wannan duka ba, na sauke ta da mutuncinta na sa R154 da kuloci mai ƙarfi. In ka tara waɗannan duka za ka ga kit ɗin shi ne ƙaramin kashi a cikin aikin, wanda duk ya ce maka da kwali ɗaya zai haɗa motar tsere ko dai bai taɓa yi ba ko kuma yana da abin sayarwa.

Kuma dan Allah a kai wa mai saiti na gaske. Nawa ya shafe yini guda cur a kan daino, yana farawa daga ƙasa yana ja da taimin baya, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan da abin sauraro a kunne da ya manna a jikin bulok, ni har na fara ƙosawa ina cewa "malam a ɗan ƙara mana mana," yace "in ka matsu ga makulli nan, amma ba da hannuna ba." Na yi shiru.

Ranar farko a fili kuwa abin dariya ne yanzu, a ranar dai kunya ce ta kama ni. Masu duba mota sun bi ta ko'ina, batir a ɗaure, ba yoyon mai ba yoyon ruwa, hular kwano, da zoben ƙarfen da ke tare furofela in ta tsinke don kada ta caki ƙasa ta wuntsila mota. Dokokin da yawancin filaye ke kwaikwaya na NHRA ne, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a Amurka a 1951, a wajensu in kana cin kwata mil a sakan 13.99 ko ƙasa sai da hular kwano, tsohuwar mota irin tawa in ta kai 11.49 sai an sa mata sandar kariya a bayan kujera, 9.99 ko gudun da ya wuce mil 135 a awa sai cikakken kejin ƙarfe, daga mil 150 kuma sai da lemar rage gudu a baya. Ni ina can nesa da waɗannan. Na bi ta wurin da ake jiƙa taya na juya su a wuri ɗaya don su yi zafi su kama ƙasa, na matso layi, fitilun sama suka kama, na riƙe juyi a 4,000, 'yan rawaya suka gangaro, kore ta kawo na saki kuloci, motar ta cakumi ƙasa ta yi gaba, giya ta ɗaya, na jefa ta biyu, turbo ya cika yana fito, sai kawai na ji fuf! kamar an fasa leda, ƙarfin duk ya zube motar ta koma kamar ta ɗauko buhunan siminti. Zuciyata ta faɗi, nace injin ya tafi. Na lallaɓa na ƙarasa na fita gefe na buɗe bonet hannuna na rawa, ashe bututun da ke fitowa daga intakula ne ya fice daga tiyonsa yana lilo. Ƙanena da ya rako ni yana ɗaukar bidiyo sai dariya yake, yace "yaya ai atishawa ta yi hancin ya fita."

Laifin kilif ɗin kit ɗin ne, irin masu tsutsar nan ne da ake ɗaure tiyon ruwa da su, in ka matsa da ƙarfi haƙoran su zame in ba ka matsa ba tiyo ya fice, sannan bututun da muka yanka bakinsu sumul yake babu ɗan tudun da ke riƙe roba. Wannan na biyun sakacinmu ne ni da oga, ya amsa da kansa. Muka yi wa kowane baki tudu, muka canza kilif duka zuwa masu noti na T-bolt, muka wanke cikin tiyon da abin da ke cire maiƙo, tun daga nan ko sau ɗaya bai sake ba.

Fita ta biyu na yi 13 da ɗan kai, kuma a nan na gane turbon nan ya ɗan yi wa burina girma. Ba ya cika sosai sai wajen juyi 4,000, ƙasa da haka motar lagwani ce, don haka in ka tashi da ƙaramin juyi ta nutse in ka tashi da babba taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tsere kuwa a ƙafa 60 na farko ake cinsa ko a faɗi, mita 18 kacal, abin da ka rage a nan yana kusan ninkuwa a ƙarshen layi. Ba ƙarin matsi ne ya gyara ba, tayoyin baya na dirag masu laushi na sa na rage musu iska, mai saiti ya kunna min tu-sitef a ƙwaƙwalwa wanda ke riƙe juyi a wuri ɗaya a kan layi yana tara ɗan matsi kafin in saki, da haka da kuma koyon ƙafa, don rabin matsalar ni ne ba motar ba, na sauko sakan 12.4. Mutane na son kawo min zancen manyan motocin tseren da ake kira Top Fuel masu yin ƙasa da sakan 4, toh su ba turbo gare su ba ma, sufacaja ce, mai cusa iska da bel ɗin inji ke juyawa, da man naitirometen, kuma tun 2008 bayan hatsarin da ya ci ran direban tsere Scott Kalitta aka rage musu nisa zuwa ƙafa 1,000, duniyarsu daban tamu daban.

Da zan sake saya da na nemi gidan hayaƙi mai ƙaramar lambar A/R, wato mai matsattsiyar hanya, don turbon ya riƙa cika da wuri, tunda ba ƙarfin doki 700 nake nema ba. Mai sayarwar bai ba da zaɓi ba kuma da na tambaye shi girman fankar sai ya turo min hoton tallan da na riga na gani, na sake tambaya ya turo min shi dai. Ni na auna da kaina da kalifa.

Wa zan ce ya saya? Wanda yake da mai walda a hannu, ya san zai zubar da wesget da tiyon mai da kilif, ya ɗauki kwalin a matsayin kayan somawa ba gamammen aiki ba, kuma ba zai yi kuka ba in turbon ya ce ga garinku wata rana, don na san sa'a ma na cikin lamarin, wani zai buɗe nasa kwalin ya samu wanda sandansa ba a daidaita ba. Wanda kuma motarsa ɗaya ce da ita yake zuwa aiki, ko yake son ya tsallake mai da saiti don ya ji fito kawai, ya rufa wa kansa asiri ya bari.

Satin da ya wuce ina canza baƙin mai na hango wani baƙin layi siriri kamar gashi a jikin manifol, a waldar reshe na shida daf da mahaɗa, da ɗan toka-toka a gefensa. Ya tsage. Bututun sirara ne kuma su kaɗai ke ɗauke da nauyin turbo da wesget da dan-faif, su yi ja su huce su yi ja su huce, dama oga ya ce a yi masa tokara tun farko ni na ce a bari sai an ga hali. Na kira shi na faɗa masa, ya yi shiru kaɗan yace "sati biyu na ba shi ya yi wata takwas, ai ya yi ƙoƙari, kawo shi ranar Asabar mu ɗinke mu sa tokarar, amma ka fara neman na zubin ƙarfe."